Tuffata mai jan ciki ta zubar da ganye kaf, ta mutu ne ko me?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ido a kan harkar shuka ku kawo min ɗauki kafin maigida ya kai tukunyar nan bola, don tun shekaranjiya yake min tsiya wai na sayi sanda a fam 35.

A Bradford ta ƙasar Ingila muke zaune, gidan haya, bayan gidan ɗan fili ne da aka shafe da siminti, ko ramin gyaɗa ba za ka haƙa ba. To a watan Afrilu na shiga wani shagon saida shuke-shuke da niyyar tumatir da na'a-na'a kawai, sai idona ya faɗa kan wata 'yar bishiyar tuffa a tukunya, tsayinta bai wuce ƙirjina ba, furenta ja mai duhu kamar an tsoma shi a ruwan zoɓo, ganyen ma ba kore shar ba ne akwai jaja-jaja a jikinsa. A hoton da ke jikin takardar an raba tuffar biyu cikinta jawur har tsakiya. An rubuta Redlove, a ƙasa kuma M9, ni na ɗauka ma lambar shago ce. Kwaɗayi dai ya ja ni na ɗauko.

Da farko tubarkalla, ta ɗaure 'ya'ya tara har na ɗauki hoto na tura wa su Mama a gida. Yuni na shigowa suka dinga zubewa ɗaya bayan ɗaya sai uku suka rage, ɗaya tsuntsu ya caccake, ɗaya muka yanka muka tarar da tsutsa a ciki ta yi ɗaki da falo, ta ƙarshen kuma na tsinke ta a farkon Satumba na tara yara ana jiran abin mamaki, wlh jan bai kai rabin na hoton ba, ga tsami kamar ɗanyen mangwaro, yaran kowa ya yamutsa fuska ya gudu.

Yanzu kuma da sanyi ya shigo ganyen suka yi rawaya suka zube kaf. Tausayinta ya kama ni na jawo ta kicin kusa da hita, kullum ina ba ta ruwa safe da yamma, yau kusan sati uku ko alamar toho babu. Ta mutu ne? In bata mutu ba me zan mata? Kuma jan nan da ban gani ba cuta ta aka yi a shagon ko laifina ne?

Baban Lambu:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki ƙarasa karanta abin da zan rubuta, tashi ki fitar da tukunyar nan waje, ki ajiye ta a gindin bango, sai ki dawo mu yi magana.

Bishiyarki bata mutu ba, barci take. Tuffa itaciyar ƙasar sanyi ce, zubar da ganye a Nuwamba al'adarta ce kamar yadda kuka take tsayawa tsirara da rani a gida babu wanda ya ce ta mutu. Kuma sanyin da kike ɓoye ta daga gare shi shi ne abincinta a yanzu. Idanun tohon nan da kike gani a jikin reshe sai sun kwana cikin sanyi na ƙasa da digiri 7 na ɗaruruwan awanni, yawancin irin Turai ma kusan awa dubu suke so, kafin su yarda su buɗe da kyau in bazara ta zo. In kika bar ta a ɗumin kicin ko dai ta ƙi farkawa yadda ya kamata, ko ta ruɗe ta fitar da ɗan toho siriri fari-fari a tsakiyar Janairu, ki fitar da ita sanyi ya ƙone shi, furen shekarar ya tafi kenan. Ni ma shekarata ta farko a Leicester haka na yi da wata fiya ta Turai, wadda suke kira pear, har bargo na lulluɓa mata, wani dattijon Bature maƙwabcina a lambun haya na kansil ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba hitar ba ce, ruwan nan na safe da yamma ne. Itacen da babu ganye a jikinsa ba ya shan ruwa, duk abin da kika zuba yana kwance ne a gindi yana ruɓar da saiwa. Ki daina gaba ɗaya, ruwan saman yankinku na Yorkshire ya ishe ta har ya yi yawa. Ki ɗaga tukunyar ki duba ramukan ƙasa ko sun toshe, in akwai faranti a ƙarƙashi ki cire, ki ɗora ta kan bulo biyu ruwa ya dinga wucewa.

In kina so hankalinki ya kwanta ki sa farce ki ɗan kankare ɓawon wani ƙaramin reshe. In kika ga ɗanye da laima to da ranta, in ya bushe ƙayau launin ƙasa to reshen nan ya tafi, sai ki gwada ƙasa da shi. Kar ki tsorata in maimakon kore kika ga ja-ja, irin waɗannan masu jan ciki jan har cikin itacensu yake shiga.

M9 kuma ba lambar shago ba ce. Kin san mangwaro mai aure ai? To haka tuffa take, duk wadda kika saya a shago itace biyu ne aka haɗa, na sama shi ne irin da za ki ci, na ƙasa mai saiwa shi ne ke yanke hukuncin girman bishiyar. Wata cibiyar bincike a East Malling da ke Kent ce ta fara tantance irin waɗannan gindin tana ba su lambobi fiye da shekara ɗari da suka wuce, M ɗin daga sunan garin ne. M27 shi ne gajere a cikinsu da ƙyar yake wuce tsayin mutum, M9 ɗinki zai kai mita biyu zuwa biyu da rabi in a ƙasa aka shuka, a tukunya bai kai nan ba, MM106 kuwa mita uku zuwa huɗu wannan na mai fili ne. Amfanin M9 yana saurin haihuwa, aibinsa saiwarsa gaggautsa ce bata riƙe ƙasa, don haka sai kin kafa masa sanda kin ɗaure har ƙarshen rayuwarsa. Ki duba ƙasa-ƙasa a jikin gangar za ki ga wani ƙulli kamar gwiwa, nan ne wurin auren, kar ƙasa ta taɓa rufe shi, kuma duk tohon da ya fito a ƙasa da shi ki fige shi, na gindin ne ba zai ba ki abin da kike so ba.

Hajiyar Baranda:

Uwar Biyu sannu, na yi dariya har da hawaye wurin ɗaki da falo ɗin nan. Baba ya gama magana a kan sanyi, bari ni in taɓa zancen 'ya'yan tunda ni ma a tukunya tawa take, a barandar hawa na biyu a nan Jamus, tawa Baya Marisa ce wadda aka fitar a Bavariya, shekararta biyar a hannuna.

Zubewar Yuni kar ta dame ki, duk tuffa tana yi, takan duba ƙarfinta ne ta yar da abin da ba za ta iya raino ba, har waɗanda garin fure bai kama su da kyau ba. Gaskiya ma ni da kin tambaye ni a lokacin cewa zan yi ki tsinke duka taran da hannunki, shekarar farko ba ta haihuwa ba ce ta kafa saiwa ce, kamar a ɗora wa yarinya 'yar shekara goma tulu ne. Na san da ciwo, ni ma ban iya ba na bar guda biyu. In ta girma kuma bayan zubewar Yuni sai ki bi ki rage, kowane gungu ki bar ɗaya ko biyu, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu, in ba haka ba sai ta cika ki da ƙanana kamar goriba bana, baɗi kuma ta yi yaji ta ƙi yin komai.

Sai maganar miji, eh miji na ce. Yawancin tuffa garin furenta ba ya mata amfani ita kaɗai, sai ƙudan zuma ya ɗauko na wata tuffar daban mai fure lokaci ɗaya da ita. Tunda taki ta ɗaure tara to akwai wata a unguwar, ki leƙa bayan gidajen maƙwabta a watan Afrilu ko Mayu, ko irin ƙananan tuffar ado ɗin nan da ake shukawa bakin titi ma suna yi. Ni da ke sama babu kowa kusa sai da na sayo ta biyu irin masu miƙewa sak kamar sanda, ina ajiye su kusa da juna, in ƙudan zuman sun yi nawa saboda ruwa sai in ɗauki ɗan burushin kwalliya in shafo wannan furen in shafa wa wancan, maigidana yana cewa na zama ungozomar itace.

Jan ciki kuma inaga abu uku ne suka haɗu miki. Bishiyar yarinya ce, kin tsinke da wuri, sannan ina zargin inda kika ajiye ta rana bata isa. Launin yana son rana da yini da sanyi-sanyi da dare, shi ya sa sai dare ya fara sanyi yake nuna sosai. Ki nema mata inda za ta samu rana aƙalla awa shida. Kuma kar ki tsinka da ƙarfi, ki tallabo ta a tafin hannu ki ɗaga sama ki ɗan murɗa, in ta biyo ki da ɗan sandanta ta nuna, in ta yi gardama ki bar ta wani satin. Redlove kala-kala ne akwai Era akwai Circe akwai Calypso da Odysso, ba lokaci ɗaya suke nuna ba, ki sake duba takardar wanne ne naki. Amma fa in faɗa miki gaskiya kar ki sa rai da zaƙin Gala ko Fuji na kanti, masu jan cikin nan akwai tsami a jininsu, in kika ajiye su sati biyu uku a wuri mai sanyi yana sauka amma ba ya tafiya duka. Ni markaɗawa nake in tace in sa ɗan citta da zuma, baƙi na zuwa su rantse zoɓo ne, kuma in kin dafa ta jan ba ya gudu, ga shi in an yanka bata saurin yin baƙi kamar sauran.

Tukunya: in har yanzu a ta shago take to ta mata kaɗan. Ki nemi mai faɗin santimita 45 zuwa 50, amma in tazarar ta yi yawa ki bi a hankali kar ki tsunduma ƙaramar saiwa cikin ƙatuwar tukunya ƙasa ta jiƙe ta ƙi bushewa. A wajenku akwai ƙasar da ake kira John Innes No. 3 ita ta fi, tana da nauyi iska bata kayar da tukunyar. Da zafi kuma labari ya juya, a Yuli da Agusta kullum sai kin sa yatsa kin duba, rana ɗaya ta bushe ƙayau da 'ya'ya a jiki sai ki ga sun zube. Takin ruwa na tumatir ɗin nan duk sati biyu daga bayan fure har 'ya'yan su kusa nuna. Duk farkon bazara ki kwashe ƙasar sama kamar yatsa uku ki zuba sabuwa. In an yi sanyi mai ƙanƙara sosai tukunyar za ki naɗe da buhu ko tsohon bargo, ba rassan ba, saiwa ce ke jin jiki.

Darɓa ma za ta zo miki kan sabon toho, ganye ya nannaɗe tururuwa na hawa da sauka, ni da yatsa nake murje su tun suna kaɗan. Tsutsar kuma ta wani ɗan malam-buɗe-littafin dare ce da ke yin ƙwai a farkon zafi, ana saida tarkonsa mai danƙo a rataya a watan Mayu, duk wadda ta faɗi ƙasa kuma ki kwashe kar ki bari ta kwana a gindi.

Ɗan Kurna:

Ni fa jama'a tsaya, tuffa mai jan ciki?? Anya ba allurar kala ake mata ba ko irin abin nan na GMO, wato shukar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, da ake ta rigima a kai? Turawan nan ba abin da ba za su iya ba. In kuma na gaske ne Anti dan Allah ki ajiye min ƙwallon in wani zai taho Kano, akwai fili a bayan gidanmu ga rijiya.

Baban Lambu:

Ɗana babu allura babu komai, halittar Allah ce. A duwatsun tsakiyar Asiya, wajen Kazakistan da Kirgistan da yammacin Sin, akwai tuffar daji mai jan fure da jan itace da jan ciki tun fil azal, can ne ma asalin tuffar da duk duniya ke ci, sunan birnin Almati kansa daga kalmarsu ta tuffa ya fito. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kai irinta Jamus, yanzu a dajin nata ta yi ƙaranci har an sa ta cikin itatuwan da ake tsoron ɓacewarsu. Matsalarta ƙarama ce ga tsami ga bauri, shi ne masu kiwon iri suka yi ta haɗa ta da masu zaƙi ta hanyar garin fure, a shuka dubbai a ɗanɗana a zubar a sake. Redlove ɗin wani ɗan Suwizalan ne Markus Kobelt ya yi kusan shekara ashirin a kanta. Sinadarin da ke ba ta jan kuwa danginsu ɗaya da wanda ke cikin zoɓon da kake sha kullum.

Ƙwallo kuma kar ka wahalar da Antinka. Ƙwallon tuffa ba ya maimaita uwarsa, abin da zai fito wani abu ne daban, ƙato, sai ka shekara bakwai ko fi kana jira kuma ƙila ko akuya ta ƙi ci. Shi ya sa ake aure.

Mai Dashe Daga Jos:

Salam. Ɗan Kurna bari in ƙara maka a kan na Baba tunda sana'ata ce dashe da auren itace. Rijiya ba ita ce matsalar ba, sanyi ne. Hunturun Kano da kuke kuka da shi kuna ƙona tayoyi (Allah ya shirye ku) da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 10, ita kuma wannan tana lissafin awannin da ke ƙasa da 7 ne, ga zafin Afrilu da ke haura 40. Za ta yi ganye ta yi ta fama shekara biyu uku tana ramewa, fure ɗaya nan ɗaya can, daga nan gara ta ƙarasa ta.

Mu nan Filato da muke sama da mita 1,200, da su Mambila da suka fi mu tudu, tuffa tana yi, amma ba kowace iri ba. Waɗanda suka karɓe mu su ne masu buƙatar sanyi kaɗan, kamar Anna da aka fitar a Isra'ila da Dorsett Golden ta tsibirin Bahamas, awa 200 zuwa 300 ya ishe su, kuma tare ake shuka su don kowacce mijin 'yar uwarta ce. Duk da haka sai da dabara, bayan an cire 'ya'ya muna bi mu tsige ganyen da hannu kaf mu rage ruwa, mu lanƙwaso rassa su kwanta mu ɗaure, sai itacen ya ɗauka hunturu ya wuce ya fashe da fure. Manoman Batu a tsibirin Java na Indunusiya da haka suke girbi sau biyu a shekara. Kun ga abin dariya, mu muna tsige ganye da hannu muna roƙon ta yi barci, Uwar Biyu kuma Allah ya ba ta sanyin kyauta tata ta kwanta da kanta ta je tana tashinta da hita.

Masu jan cikin nan ni ban taɓa sa su a gonata ba, kuma duk wanda ya ce zai turo maka dashenta a Facebook ka biya kafin ka gani, ka riƙe kuɗinka, na ga waɗanda aka saida wa gwaiba da sunan tuffa. Shigo da reshe daga waje ma ba a jaka ake cusa shi ba, sai da takardar izinin hukumar killace tsirrai ta ƙasa, don cuta ɗaya in ta biyo reshe mu ne za mu kwana a ciki. Filin bayan gidanku ka sa rumman ko ɓaure ko inabi, waɗannan suna son zafinku.

Uwar Biyu:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba wlh ban ƙarasa karantawa ba na tashi kamar yadda ka ce, ni da babban yarona muka ja ta waje. Da muka ɗaga faranti cike yake da ruwa har ya fara wari, kunya ta kama ni. Na kankare reshe biyu duka ɗanye ne, ja-ja kamar yadda ka faɗa, na kira maigida ya gani ya ce to sandar taki jini gare ta, yanzu haka shi ne ya fita nemo sandar da za a ɗaure ta da bulo. Hajiya na duba takardar Era ce, kuma kin canka, inda na ajiye ta da bayan kwandon shara ne rana sai da la'asar take leƙowa, zan mayar da ita ɗaya ɓangaren. Ƙullin auren ma na gan shi ashe na rufe shi da ƙasa rabi lokacin da na ƙara mata taki, na tone.

Tambaya ta ƙarshe, canjin tukunyar yanzu zan yi ko sai ta farka? Kuma akwai wasu rassa biyu da suka gitta juna suna gogayya, in yanke ɗaya?

Baban Lambu:

Tana barcin za ki yi, daga yanzu har farkon Maris duk ranar da ƙasa bata daskare ba. Amma ki ba ta sati biyu tukuna ta tsane. In kin zare ta ki shinshina saiwar, duk wadda ta yi baƙi ta yi laushi ki datse da almakashi mai tsabta, masu fari da ƙarfi ki bar su. Reshen da ya nufi cikin bishiyar shi za ki cire, daf da inda ya fito amma ki bar ɗan kumburin gindinsa, ranar da babu ruwan sama. Sauran kar ki taɓa bana, musamman gajerun nan masu ƙatoton ido mai gashi-gashi, furen baɗi ne a ciki. In ta yi fure a Afrilu ki turo mana hoto, ki gaida maigidan ki ce sandar ta kai mita ɗaya da rabi.